Tsakanin hauya da famfon feshi: yaƙin ciyawa a gonakin Aliero, Jega da Maiyama

Albasa ba ta iya faɗa da ciyawa ba, kuma duk wanda ya taɓa dasa ta ya san haka. Ganyenta siriri ne, a miƙe yake, ba ya yin inuwar da za ta hana wani tsiro fitowa a gindinsa. Saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa. Gero da dawa in sun samu noman firi da maimai sai su rufe gona, su ci gaba da kare kansu. Ita kuwa albasa, tun daga ranar dashe har ganyenta ya fara kwanciya, sai an yi mata komai.

Wanda ya shiga gonakin rani na Aliero cikin watan Disamba, mako uku bayan dashe, zai ga abin da ake nufi. Fangali ya sha ruwa, ya sha taki, ga rana. Abin da albasa ke so shi ne abin da ciyawa ke so, kuma ciyawa ta fi ta sauri. Fasa-ƙabba ta shimfiɗu da jajayen rassanta, aya-aya ta soko kai, harƙiya da zaƙi-banza sun cika tsakanin tushe da tushe. Mai cira yana tsugune a bakin fangali, dugadugansa a kan kunya don kada ya taka shuka, ƙaramar hauya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben gindin albasa. Inda bakin hauya ba zai shiga ba, yatsu ne ke aiki. Abin da ya ciro ba ya yar da shi a nan, sai ya tara ya fitar, domin fasa-ƙabba in aka bar ta a kan damshi sai ta sake kamawa kamar ba a taɓa ta ba. Haka zai bi fangali ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin hunturu, kuma kafin ya kai ƙarshen gona, farkonta ya soma kore. Manomin albasa kan maimaita wannan aiki sau uku ko fiye kafin ya kai amfaninsa rudun ajiya.

Ƙananan hukumomin nan uku, Aliero da Jega da Maiyama, maƙwabtan juna ne a masarautar Gwandu ta jihar Kebbi. Jega ce mahaɗa, inda hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ta haɗu da ta Birnin Kebbi, ga gulbin Zamfara da fadamarsa a gefe. Aliero tana arewa maso gabas, sunanta ya tafi tare da buhunan albasa har kudancin Najeriya da ƙasashen maƙwabta. Maiyama tana kudu, da garuruwanta irin su Mungadi da Andarai da Sambawa. A tudu ana noman gero, dawa, wake da gyaɗa da ruwan damina, wanda ƙarfinsa daga Yuni ne zuwa Satumba. A fadama kuma shinkafa ce da albasa da tattasai da tumatir. Gona iri biyu, ciyawa iri biyu, amma tambayar ɗaya ce: wa zai cire ta, kuma nawa za a biya shi?

Yadda famfo ya karɓi gona

A da amsar tana cikin gida. Gandu ne, uba da 'ya'yansa da ƙannensa, in aiki ya yi yawa a kira gayya. Yau gandu ya watse a gidaje da yawa. Samari suna makaranta, ko suna kabu-kabu, ko sun tafi cirani, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Ɗan ƙwadago ya yi tsada, kuma lokacin da kowa ke nemansa ɗaya ne, domin ciyawar gari duka tare take tashi. A ɗaya gefen kuma gonar ta ƙaru. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa daga farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban-ruwa, noman rani ya bunƙasa. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, shinkafa ta zama sana'ar kowa, har da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa. Fili ya ninka, hannu bai ninka ba. A wannan giɓin ne maganin ciyawa ya shigo ya zauna.

Ba na cikin masu yi wa manomi wa'azi a kan feshi daga cikin ofis. Mutumin da ke da hekta biyu na shinkafa, ba shi da 'ya'ya a gida, kuɗin jinga ya fi ƙarfinsa, in ya ɗauki famfo ya gama a wuni ɗaya abin da mutum goma za su yi kwanaki suna yi, lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne. Wanda bai taɓa wuni a duƙe ba bai kamata ya yi saurin cewa a koma wa hauya ba.

Amma a dubi yadda ake feshin. Yaro ne matashi, an ɗauke shi a biya shi kan kowane famfo. Ya ɗebo ruwa a rijiyar gona, ya auna magani da gwangwanin madara ko murfin kwalba, ya zuba, wani lokaci ya motsa da kara. Ya goya famfon mai lita 16 ko 20, silifas a ƙafa, wando a naɗe, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Murfin famfon yana yoyo, rigarsa ta jiƙe daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya ɗauka gumi ne. In bakin famfo ya toshe, akwai masu sa baki su hura. In ya gama ya wanke famfon a bakin ruwan da ake ban-ruwa da shi, kwalbar kuma ta koma gida a zuba mai ko gishiri. Ba kowa ke yin haka ba, amma wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga isasshe.

Cikin magungunan da aka daɗe ana goyawa haka akwai farakwat, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone, mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba shi da makari, kuma kurɓi kaɗan yana lalata huhu. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007. Akwai atarazin na gonar masara da dawa, wanda Turai ta janye a 2004 saboda yana sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ya kamata ya dami duk mai shan ruwan fadama, inda ruwa ke kusa. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta farakwat daga farkon 2024, atarazin kuma daga farkon 2025. Gilaifoset, mai kashe ciyawa har saiwa, wanda ya shigo kasuwar duniya a 1974, har yanzu masana na ja-in-ja a kansa: hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana jawo cutar, hukumomin Amurka da na Turai suka ce ba su ga haka ba in an bi ƙa'ida. To, ƙa'idar ce ba a bi a wurinmu.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafin kowa. Ba duk abin da ya fito a gona ba a shuka shi ba ne abokin gaba. Tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya da rukuɓu, da su ake miya da kwaɗo a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Mai hauya yana ganinsu ya tsallake, ko ya bar wa mata da yara su tsinka. Famfo ba ya tsallake komai. Ciyawar da aka nome ana ɗaura ta a kai wa tumaki da shanun huɗa, wadda aka fesa kuwa ba mai hankalin da zai ba dabbarsa. Gonar tudu da aka haɗa gero da wake da gyaɗa ba ta karɓar yawancin magunguna, domin abin da zai bar gero zai kashe wake, shi ya sa feshi ke tura manomi a hankali zuwa shuka abu ɗaya tilo. Sannan maganin faffaɗan ganye da ake yi wa shinkafa, in iska ta kwashe shi zuwa tumatir ko tattasan maƙwabci, sai ganye ya murɗe, rigima ta tashi har gaban mai gari. Daga 2023 kuma, da aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kwalbar da ake shigo da ita daga waje ta daina zama mai arha kamar da.

Abin da manoman kinuwa suka koya don dole

Akwai wani hatsi da ake kira kinuwa, na mutanen tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, musamman Peru da Bolibiya, inda aka shekara dubbai ana nomansa a kewayen tafkin Titikaka. Dangin alayyafo ne, ƙwayarsa ƙanana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarar 2013, kasuwarsa ta buɗe, manoma a Faransa, Holan, Denmak da Amurka ma suna nomansa. An gwada shi a nan kusa da mu, a Burkina Faso. Ba ina kawo shi ba ne don a shuka shi a Maiyama, tsiro ne da ba ya son zafi mai tsanani lokacin fure. Abin da ya sa ya shafe mu shi ne halin da manomansa suka samu kansu a ciki.

Kinuwa tana da raunin albasa: makonninta na farko tana tafiyar hawainiya, ciyawa ta rufe ta. Ga shi kusan babu maganin ciyawa da aka amince a fesa mata a yawancin ƙasashen da suka karɓe ta, domin ciyawar da ta fi damunta 'yar'uwarta ce ta jini, kamarsu ɗaya suna ƙanana, abin da zai kashe wannan zai kashe waccan. Kuma masu sayenta da tsada so suke a ce ba a sa mata sinadari ba. Ɗan ƙwadago a Turai ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. Ba famfo, ba hannu. Dole ta sa suka zauna suka yi wa ciyawa karatun ta-natsu.

Abu na farko, suna yaudarar ciyawa kafin shuka. Sai a gyara gona tsaf kamar yau za a shuka, a bar ta mako ɗaya ko biyu. 'Ya'yan ciyawar da ke saman ƙasa su tsiro, a bi su da ƙarfe a kankare sama-sama, zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba. Ba a zurfafawa, don in aka juya ƙasa an tono sababbin 'ya'ya daga ƙasa, aiki ya koma baya. Sannan a shuka. Wasu masu noman albasa da karas a can har wuta suke bi da ita, ta iskar gas, su babbake tsiron ciyawa kafin shuka ta huda ƙasa.

Na biyu, lokaci. Ba sa jira gona ta yi kore. Ciyawa ta fi sauƙin kisa ranar da ta fasa ƙwaya, saiwarta fara siririya kamar zaren ɗinki, ko ganye biyu ba ta yi ba. A wannan matakin ko girgiza ƙasa aka yi ta mutu, in dai akwai rana da za ta busar da ita. Bayan kwana goma, ita wannan ciyawar sai an sa ƙarfi. Mu kuwa mun saba sai ciyawa ta kai a gan ta daga bakin hanya sannan a nemi 'yan ƙwadago, kuma akwai dalili: mutum ba zai biya kuɗin jinga a kan ciyawar da ido bai gani ba. Amma a wannan jiran ne amfani ke raguwa, domin ɓarnar da ciyawa ke yi wa shinkafa da albasa da masara mafi yawanta a makonni shida na farko take.

Na uku, wanda ya fi duka, layi. Suna shuka kinuwa a layuka miƙaƙƙu masu tazara ɗaya, ba don kyan gani ba, sai don ƙarfe ya samu hanya. Faɗin bakin abin noma shi ke yanke tazarar layi tun kafin a zuba iri. Daga nan tarakta ta ja jerin ƙananan garemani masu faffaɗan baki su yanke ciyawar tsakanin layuka, wasu faifai masu yatsun roba su tsefe ta cikin layin, a manyan gonaki har da kyamara mai gane layi tana daidaita ƙarfen. Kyamarar da taraktar ba su ne darasin ba. Darasin shi ne ranar shuka ake yanke hukuncin yadda za a yi noma.

Akwai gargaɗi ma daga can. A kudancin Bolibiya, kewayen filin gishirin Uyuni, da kuɗin kinuwa ya shigo sai aka sauko daga gangaren duwatsu aka shiga fili da tarakta mai faifai. Ƙasar rairayi ce, iska ta riƙa kwashe ta, dabbobin da ke ba da taki suka ragu saboda an nome makiyaya. Duk mai gonar jigawa a tudun Aliero ko Maiyama ya san iskar farkon damina da yadda take binne shuka. Ba kowane ƙarfe ne alheri ba, kuma yawan juya ƙasa marar nauyi ɓarna ce ko da ba a zuba mata ɗigon magani ba.

Layin da ba mu ja ba

Dabarar shuka a layi ba sabuwa ba ce. Wani manomin Ingila, Jethro Tull, ya ƙera injin shuka a layi a 1701, wanda daga baya ya ba doki damar jan abin noma tsakanin layukan. Manoman Japan sun samu abin turawa mai haƙora da ke juyawa cikin shinkafa tun ƙarshen ƙarni na 19, shi ma sai da aka koma dashe a layi ya yi amfani. A ƙasar Hausa ma muna da namu. Manomin Maraɗi da Damagaram yana nome gonar rairayi a tsaye, da hauya mai doguwar ƙota da baki mai kamar jinjirin wata, yana tura ta ƙarƙashin fatar ƙasa, ba ya duƙawa, ba ya juya ƙasa. Garmar shanu kuma, wadda Turawan mulki suka fara yaɗawa a Arewa a ƙarshen shekarun 1920, ta zama tamu. A wannan yanki har raƙumi ana ɗaura wa. Mai shanu da ya yi huɗa a miƙe yana iya komawa tsakanin kunyoyi ya yi ban-ƙasa, ya binne ciyawar kwari da ta gefen kunya a tafiya ɗaya. Abin da ya rage wa mai hauya shi ne kan kunya kawai. Matsalar tudu ita ce kayan haɗin: yawancin masu shanu garmar huɗa kaɗai gare su, ba su da mai haƙora ta noman firi, wadda za ta shiga tun shuka tana ƙarama ba tare da ta binne ta ba, alhali cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilori sun daɗe suna ƙera irin waɗannan. Satar shanu kuma ta sa mutane da yawa a Arewa maso Yamma tsoron ajiye bijimai.

A fadama ne gizo ke saƙar. Shinkafar da aka yi wa yafi, ko aka dasa ta barkatai, ba abin da zai shiga cikinta sai hannu ko magani. Wanda ya yafa iri ya riga ya sayi kwalba tun ranar, ko ya sani ko bai sani ba. Amma in an ja igiya aka dasa a layi, tazarar santimita 20 ko 25, to ga abin turawa nan mai tayoyi biyu masu haƙora, wanda cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta inganta, kuma tsarin noman shinkafa da aka faro a Madagaska a shekarun 1980 ya yaɗa shi. Mutum yana tsaye, ruwa ya ɗan rufe ƙasa, yana turawa gaba yana ja baya, haƙoran suna tumɓuke ciyawa suna cusa ta cikin taɓo ta ruɓe ta zama taki. Cibiyar AfricaRice ta ba manoma a ƙasashen Afirka da dama irin waɗannan kayan su gwada da kansu, kuma cikin waɗanda suka fi karɓuwa akwai mafi sauƙinsu, wata hauya mai doguwar ƙota da baki zobe, wadda kowane maƙeri zai iya bugawa. Wannan ya kamata ya ja hankalin masu rabon kayan noma: manomi bai zaɓi mai ƙyalƙyali ba, ya zaɓi wanda zai iya gyarawa.

Dashe a layi yana cin lokaci da kuɗi fiye da yafi, wannan gaskiya ne, kuma masu dashen jinga ba sa son igiya domin tana rage musu sauri. Sai dai kuɗin da aka ƙara ranar dashe ana fanshe shi sau biyu ko uku a lokacin noma, ga iri da ake ragewa.

Albasa ta fi wuya, domin manomi yana son ya cika fangali, kowane tushe kuɗi ne. In ka ce masa ya buɗe layi, abin da zai fara ji shi ne za a rage masa albasa. A nan lissafi zai taimaka. Wanda ya dasa a tazarar santimita 15 tsakanin layi da 10 tsakanin tushe yana da tushe kusan 66 a kowace murabba'in mita. Wanda ya buɗe layi zuwa santimita 20, ya matse tushe zuwa 7 da rabi, shi ma 66 ɗin gare shi. Bai yi asarar tushe ko ɗaya ba, amma ya samu titin da ƙaramin abin turawa mai taya ɗaya da baki mai faɗin santimita 10 ko 12 zai bi. Ko matsin zai rage girman kan albasa a irin namu da ƙasarmu, wannan aikin gwaji ne, kuma ga masu yin sa a kusa: jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a Aliero a 2006, tana da tsangayar noma da gonar gwaji a fadamar Jega. Siffar fangalin ma abin dubawa ce. Ƙaramin fangali mai kusurwa huɗu an yi shi ne don ruwa ya kwanta daidai, amma mai tura taya zai riƙa cin karo da kunya bayan kowane taku biyu. Dogon fangali siriri zai riƙe ruwa, ya kuma bar mutum ya yi tafiya.

Yaudarar ciyawa kuwa, manomin rani ya fi Bature damar yin ta, domin Bature jiran sama yake, shi kuwa ruwa na hannunsa. Iri yana makonni shida ko bakwai a wurin reno, fangali yana zaune. A sake masa ruwa kwana goma ko sha huɗu kafin dashe, a bari ciyawa ta fito, a kankare ta da rana tsaka, sannan a dasa ba tare da an sake sara ba. Kuɗinsa ban-ruwa ɗaya ne ko biyu. Ga mai injin fetur wannan ba ƙaramin abu ba ne a yau, amma masu injin gas da na hasken rana suna ƙaruwa, kuma ga mai hasken rana ruwan kusan kyauta ne.

Inda ƙarfe ke gazawa

Kada a ɗauka an samu maganin komai. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, a jere kan jijiya. Ka yanke kanta, ta sake fitowa cikin kwanaki. Ƙiri-ƙiri kuma kowace gaɓa tata iri ce. Injin da ke daddatsa ƙasa, irin wanda ake haya yanzu a fadamu, in ya shiga gonar da ke da waɗannan biyun, shuka su yake yi. Abin da ke rage su shi ne a kafce gona a bar ta ta sha ranar bazara ba ruwa, 'ya'yan su bushe, a tsince jijiyoyin a ƙone, sannan a dage da yanke duk wadda ta ɗago kafin ta tara ƙarfi. Aikin shekaru ne, ba na kaka ɗaya ba.

A tudu kuma akwai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Shi ba ya gasa da dawa a fili, saiwarta yake kamawa yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. Kafin furensa mai ruwan hoda ya bayyana, ya riga ya gama ɓarna. Tushe ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubun dubata, masu iya kwanciya fiye da shekara goma suna jira. Ba garmar da za ta cece ka a bana. Abin da hannu zai yi shi ne a tumɓuke shi kafin ya yi 'ya'ya, a fitar da shi daga gona a ƙone, don baɗi da baɗin baɗaɗa. Sauran maganin taki ne, da irin da ke jure masa, da juya shuka zuwa gyaɗa, waken soya ko auduga, waɗanda ke sa 'ya'yansa su tsiro su rasa abin kamawa su mutu.

Takin ma yana da nasa. Kashin dabbobi ɗanye da ake kwasowa daga turke zuwa fangalin albasa cike yake da 'ya'yan ciyawar da dabbar ta ci. Wanda ya tara shi ya jiƙa, ya riƙa juyawa har ya yi zafi ya ruɓe, ya kashe mafi yawansu kafin su ga gonarsa. Sannan duk yadda abin turawa ya yi kyau, ciyawar da ke gindin tushe sai yatsa. Hannu ba zai fita daga noman albasa ba. Abin da ake nema shi ne a rage masa rabin fili ko fiye, a kuma tayar da mai noma tsaye.

Wa zai ƙera, wa zai saya

Wasu za su kawo zancen kasuwar amfanin gona marar sinadari, wadda ta ɗaga kinuwa. Gaskiya ne akwai ta a duniya, kuma Najeriya ta ɗanɗana kuɗar sakaci a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari. Amma takardar shaidar irin wannan noma tana buƙatar shekara biyu ko uku ba feshi, da masu duba gona da za a biya, da rubuta duk abin da aka yi. Dillalin da ke loda mota a kasuwar albasa ta Aliero girman kai yake dubawa da bushewar wuya da launin ɓawo, ba ya ƙara ko naira don an ce ba a fesa ba. Bai dace a sayar wa manomi mafarkin dala ba. In abin turawa zai shiga gonarsa, sai don ya fi kwalba da jinga arha a lissafin wannan kakar.

Kuma zai iya. Taya ɗaya, bututun ƙarfe biyu, da baki da aka buga daga tsohon sifirin mota, ba abin da ya fi ƙarfin masu walda na Jega, waɗanda ke haɗa ƙofofi da amalanke da gyaran injin ban-ruwa kullum, ko maƙeran da suka gaji buga hauya da lauje. Abin da ba su da shi shi ne samfuri a gabansu da awo tabbatacce. In hukumar bunƙasa noma ta jihar, KARDA, da jami'ar Aliero suka tsayar da tazara ɗaya ko biyu ga shinkafa da albasa, suka ba maƙera samfurin da ya dace da ita, suka haɗa kowane abin turawa da igiyar dashe mai ƙulli a daidai tazarar, to baki da layi za su dace daga Sabiyal ta Aliero har Mungadi, kuma wanda nasa ya karye zai samu madadi ranar kasuwa. Kayan da aka sayo daga waje aka raba a taron siyasa, ba igiya, ba mai koyarwa, ba kayan gyara, a bayan ɗaki suke ƙarewa.

Su kuma samarin da ke goya famfo a biya su, su ne suka fi kowa dacewa da wannan sana'a. Sun riga sun san gonaki da masu su, sun saba aikin jinga. Ƙungiyar mutum huɗu ko biyar da za ta karɓi dashe a layi da noma uku na farko a dunƙule, farashi ɗaya, ita ce za ta warware matsalar lokaci, domin wanda ya karɓi jingar kaka guda ribarsa tana cikin zuwa da wuri, tun ciyawa ba ta yi ganye ba, ba sai mai gona ya aika a kira shi ba. Manomin da bai yarda ba, ya ware fangali goma cikin gonarsa a dashen Nuwamba mai zuwa, ya ja musu igiya, sauran ya yi yadda ya saba, ya rubuta abin da ya kashe a kowane ɓangare, ya kuma auna buhunan daban ranar cira.